Tsarabar Baba Barmo

Na dawo Katsina daren Laraba
da buhu biyu na ganyen shayi da ciwon gwiwa.
Da hantsi na iske Baba Barmo a zaurensa na Rafindadi,
ƙafa a miƙe kan buzu, rediyo na tari a gefe.
Shekara talatin da ɗaya yana juya wa jiragen ƙasa layi a Funtuwa.
Yau ido ya tafi, kunne ne ya rage.

Na ce, Baba, na je inda gajimare ke kwana a ƙasa.
Ya ce, "Da wane jirgi?"

Ƙarami ne, shuɗi, tarago uku.
Layinsa, in ka buɗe ƙafa, ka taka duka biyun.
"Kamu nawa?"
Ban auna ba.
Ya yi tsaki, ya ce ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne.

Masu sayar mana da ganye a Indiya su suka biya,
suka haɗa mu da ja-gora, Norbu,
mai haƙorin azurfa da 'yar tuta a bakin sanda,
yana ƙirga mu kamar awaki a kowace tasha.
Mu goma sha ɗaya, ni kaɗai mai hula.
Jirgin na hawa yana haki,
yana gogar rumfunan masu kayan miya,
har wata mata ta janye kwandon albasarta don mu wuce.
In dutse ya ƙi, sai ya tsaya, ya koma baya, ya sake ɗaukar hanya.

"Ja da baya ga rago," in ji Baba, dariya na cinsa.
"To wa ke juya mashi layin?"
Wani dattijo ne cikin rigar sanyi, ya ɗago mana hannu.
Baba bai ƙara magana ba.
Babban yatsansa kawai na ga yana motsi.

Ni da nake ganin Gobarau ce ƙarshen tsawo,
ranar na raina kaina.
Can ƙoli, gidan ibadar mabiya Buddha:
jan bango, ƙyallaye kala biyar a igiya
kamar shanyar marina ranar iska,
fitilun man shanu jere,
ƙaho mai tsawon taɓarya uku
wanda a hanji kake jin kukansa, ba a kunne ba.
Gunki na zaune, ya kai soro, ido a lumshe.
Na tsaya bakin ƙofa da takalmi a hannu.
Ba addinina ba ne,
ba wanda kuma ya ce in matsa.

La'asar ta yi. Ruwan famfo kamar reza.
Ina ta ɗiga yatsa ina janyewa,
sai wani tsoho mai jan mayafi, kai tal,
ya shiga ciki, ya fito da butar shayi tana tururi.
Bai ce ba, ban ce ba.
Ya sirka, ya zuba mini, na yi alwala.
Na tambayi Norbu mafaɗar rana,
don a can, Baba, alƙibla yamma take.

"Yamma?" Ya gyara zama.
"Sada, ka ba gabas baya ka yi salla?"
Na ce na wuce Makka ne, Baba, sai na waiwayo ta.
Ya daɗe yana jan carbi.

Na kawo masa bargo da zuma, bai taɓa ba.
Tikitin na miƙa masa, ɗan kwali, duk ya lanƙwashe a aljihu.
Ya shafa, ya shafa, har ya sami hudar.
"Ashe har yanzu suna hudawa."
Ya cire hula, ya sa shi ciki, ya mayar.

Turai ta shigo da shayin sabon ganye.
Ya kurɓa, ya ce sukari bai ji ba.
Da na tashi tafiya ya riƙo bakin rigata:
"Gobe ka dawo ka sake ba ni,
daga inda ya koma baya."